Ƙugiyar Inna

Ranar da za a fara kwashe kayan Inna, Yaya ya iso da tef ɗin awo a aljihu, kuma tun daga bakin ƙofa na san ba za a rabu lafiya ba. A kamfanin jigilar kaya yake aiki, shi ke faɗin kwali nawa mota za ta ɗauka, aikin kuwa ya shige masa jini. Ko 'ya'yansa ya kalla, ina jin tsawo da faɗi yake gani. Ya riga ya auna ɗakin da ya gyara wa Inna a gidansa, ya auna gado da kabad da kujerar da take zama, ya gano cewa abin da ya rage bai wuce wurin ɗan tebur guda ba.

Ido ne ya tayar da Inna daga gidanta. Likita ya ce jijiyar ce ta gaji, ba yana ba ce balle a cire, sai dai a lallaɓa abin da ya saura. Abin da ya saura kuwa haske ne da inuwa. Da ta tsiyaya ruwan zafi a gefen kofi ya ƙona mata hannu, muka taru muka ce zaman kaɗaici ya ƙare. Ba ta yi musu ba. Wannan shi ya fi damuna, don Inna ba ta saba barin magana ta gifta ta gabanta ba tare da ta mintsine ta ba.

A ɗakin ajiya rigimar ta tashi. Yaya ya yaye wani tsohon zanin gado, sai ga su nan yadda na san su tun ina ƙarama: kwamfuta mai ƙaton ƙeya wadda launinta ya koma na tsohon haƙori, da firinta a gefe mai faɗin akwatin tafiya. Ya ɗaga firintar, ya yi nishi, ya dire ta cikin kwali. Sannan ya zaro maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ya yi rubutu a jikin kwalin.

Inna na zaune a tsakar gida, amma kunnenta na cikin ɗakin.

"Mai Awo, me ka taɓa?"

"Tarkace ne, Inna. Na mai gwangwan."

"Auta, me ya rubuta?"

Ni ce Auta. Na leƙa na karanta mata: "Ya ce karfe, a zubar."

"Da ƙugiya ko babu?"

"Babu."

"To ka ji! Ɗan da na haifa, a cikin gidana, a kan injina, ya rubuta ƙarfe ba ƙugiya."

Dole in tsaya nan in faɗi labarin kura, don duk wanda ya taɓa shan ruwa a gidanmu ya ji shi, wasu har sun haddace. Inna ta yi ƙuruciyarta tana buga takardu a ofishin wani kamfanin yadi. Da aka kawo musu kwamfuta da wannan firintar, sai aka ga ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Aikin Inna ya zama biyu: ta buga, sannan ta bi shafi shafi da biro tana lanƙwasa wa baƙaƙe ƙugiya. Wata rana aiki ya yi yawa, wani rahoto ya kuɓuce mata ya tafi babban ofis tsirara. Abin da mai kula da sito ya ce shi ne ƙura ta shiga ɗakin ajiya ta ɓata kaya. Abin da manya suka karanta shi ne kura ta shiga. Aka turo tambaya a rubuce: ta ina ta shiga, kuma ina maigadi yake? Aka yi ta yi wa Inna dariya har a bakin titi, masinjoji na ce mata Uwar Kura.

Inna kuwa ba a yi mata dariya sau biyu. Ta ɗauki littafin da ya zo da firintar ta zauna da shi, har ta gano cewa ana iya koya wa injin sabon baƙi, ɗigo ɗigo. Ta zana ƙ da ɗ da ɓ da hannunta. Ta duba madannai ta ga q da x da v zaman banza suke a rubutunmu, ta kore su ta zaunar da nata a gurbinsu. Wataƙila wasu ma sun yi irin wannan dabarar a wasu ofisoshin, ban sani ba, amma a nasu ita ta yi, ba wanda ya nuna mata. Da ta yi ritaya aka ba ta injinan ta taho da su. Tun daga nan, ko baƙo ya zo gaisuwar rashin lafiya sai ya ji labarin kura kafin ya tashi.

Yaya ya durƙusa gabanta, ya sassauta murya. Shi ma yana son ta, kawai dai da tef yake son mutane.

"Inna, wurin tebur ɗaya ne ya rage. Na so in sa miki rediyo da magunguna. Wannan abin ko kunna shi aka yi ba zai tashi ba."

"In ya tashi fa?"

"In ya tashi ya rubuta ƙ ɗin nan taki, ni da kaina zan ɗauke shi a ka."

"Auta, kin ji shi."

Na ji shi, na kuma ji abin da ke ƙarƙashin maganarta. Tun da idon ya fara tafiya an karɓe mata wuƙa, an karɓe mata ashana, an karɓe mata makullin gida, duk da sunan tausayi. Kowa na yi mata magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya lalace. Abin da take so ta sani shi ne ko akwai sauran wani abu da ta iya wanda ba wanda zai yi mata shi. Na ɗauki kwalin, na haɗa da kwamfutar, na kai shagona.

Gyaran waya nake yi, a wani ɗan shago da ke tsakanin tela da mai sayar da tayoyi. Abin da na saba taɓawa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, sai da tabarau mai ƙara girma nake ganinsa. Da na buɗe cikin kwamfutar Inna sai na ji kamar na fito daga lungu na shiga fili. Komai ƙato, komai a sarari, kowane sukuru na jiran sukundireba irin ta mutane. Batirin ciki ya yi amai ya ci gefen allo, na wanke na ɗinke hanyoyin da suka yanke da siririyar waya. Na canja wasu 'yan gwangwanaye da suka kumbura. Da na danna makunni ta yi tari, ta yi gurnani, sai ga koren rubutu ya bayyana a fuskarta. Tela ya leƙo ya tambaya ko talabijin ce.

Firintar ta fi ba ni wuya. Sandar da kan bugawa ke gudu a kai ta yi tsatsa, na goge na ɗiga mata man keken ɗinki da na roƙa wurin tela. Ribon ɗin tawada ya bushe ƙayau, na buɗe gidansa na jiƙa shi da tawada da ɗan mai, na yi ta juya shi har yatsuna suka yi baƙi ƙirin. Wayar da ke haɗa su biyun kuwa ɓera ya gama da ita. Na zaga kasuwa, duk wanda na nuna wa bakinta mai haƙora sai ya yi dariya. A ƙarshe wurin mai gwangwan ɗin da Yaya ke shirin kira na same ta, ya ɗaure buhu da ita.

Na haɗa, na zura takarda mai huji a gefe wadda na samu cikin kwalin, na buga gwaji gwaji gwaji. Ni 'yar waya ce, rabona da babban baƙi tun makaranta. Sai firintar ta tsala wata ƙara, tsiiiit, tsiiiit, kamar ana yaga sabon yadi. Mai tayoyi ya rugo da gudu yana tambayar abin da ya kama da wuta. Rubutu ya fito, dishi dishi amma ana karantawa. Na kira Inna na kara wayar a jikin injin.

Ta saurara har layin ya ƙare, sannan ta ce, "Ita ce. Muryarta ba ta canja ba."

Na taka rawa ni kaɗai a shago, ban ɓoye ba. Amma murnar ba ta daɗe ba. Firintar ba ta riƙe baƙaƙen Inna a kanta, da an kashe wuta take mantawa, kullum sai kwamfuta ta sake karanta mata su daga wani faifai. Faifan na nan cikin jakarsa, da rubutun Inna a kai. Da na ja murfinsa na ga fumfuna ta yi masa fure. Na goge, na lallaɓa, na roƙe shi, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

Na maido da injinan gidan Inna, na jera su a kan teburin falo tsakanin kwalaye, na faɗa mata gaskiya.

"Baƙaƙenki sun tafi, Inna. Sai dai a sake zana su. Zan iya nemo yadda ake yi a waya."

"Ki nemo a waya," ta maimaita, kamar na ce zan nemo mata uwa a kasuwa. "Je ki kicin. Akwai kwalayen ƙwai a saman kabad, kawo huɗu. Ki haɗo da gwangwanin maɓallai."

Ta sa na jera kwalayen a tabarma, biyu sama biyu ƙasa, suka zama fili ɗaya mai ramuka. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta bi ramukan da yatsu tana ƙirgawa a ranta. Ta ce kan firintar allurai ne tara a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, suna dukan ribon yayin da kan ke tafiya. Kowane rami ɗigo ne. Inda ta sa maɓalli allura za ta buga, inda ta bari fayau za ta wuce. A da da fensir take yi a takarda mai gidaje, yanzu kuwa yatsa zai yi aikin ido.

Na zauna ina kallon hannunta. Hannun nan da muka hana riƙe wuƙa, ga shi yana tafiya cikin ramuka ba ko tuntuɓe. Ta tsayar da sandar k, ta fitar da ƙafafunta biyu, sannan ta hau can layin sama ta lanƙwaso ƙugiya da maɓallai uku, ta sauko da ɗaya. Na ga akwai giɓi tsakaninsu, na ɗauki maɓalli zan cike mata don ya yi kyau. Ta buge mini hannu, ban san yadda aka yi ta gan shi ba.

"Kar ki cika. Allura ba ta duka biyu a jere, sai ta ja numfashi. In kin matsa mata ta tsallake, ki rasa duka."

"To ai zai yi ramuka, Inna."

"A kwalin ƙwai ne yake da ramuka. A takarda tawada za ta haɗe su."

Sauran aikin nawa ne. Kowane layi da lambarsa, na sama ya fi kowa nauyi, na ƙasa da shi rabinsa, haka har ƙasa. Inna na rera su kamar karatun 'yan aji ɗaya, ni ina tara na kowane jeri ina bugawa a kwamfuta. Muka gama ƙ, ta kwashe maɓallai ta gina ɗ, sannan ɓ. Tana yi tana ba ni labarin kura, ni kuma a karon farko na saurara har ƙarshe ban ce na sani ba.

Yaya ya iso da la'asar da motar kwasar kaya. Ya tarar da uwarsa a tabarma cikin kwalayen ƙwai, ya buɗe baki, ya ga fuskarta, ya rufe. Rabon da mu ga wannan fuskar tun kafin likita.

"Mai Awo, zo ka tsaya nan," in ji ta. "Ka shirya kanka, yau za ka yi dako."

Na kama hannunta na zaunar da ita gaban madannai. Ta shafa su, yatsunta suka sami mazauninsu da kansu. Ta buga ba tare da ta tambayi kowa ba, koren rubutu ya fito a fuska: qura ta shiga xakin ajiya ta vata kaya. Yaya ya ce wannan wane yare ne. Ta ce ya jira takarda. Na danna, firinta ta tsala ƙararta, takarda ta ɗago.

Na duba.

"Karanta," in ji Inna.

Na sake bin layin da ido. Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so, don ba gani za ta yi ba. Amma Inna ta san numfashina.

"Abin da ke kan takarda za ki karanta mini, Auta, ba abin da ke bakinki ba."

"Kura ta shiga dakin ajiya ta bata kaya."

Ba ƙugiya ko ɗaya. Sai wani ɗan ɗigo a gefen kowace sanda, kamar kashin ƙuda.

Ta ce in sake duba lambobin. Na duba, daidai suke da maɓallan. Ta sauka tabarma ta sake gina ƙ daga farko, a hankali wannan karon, tana taɓa kowane maɓalli sau biyu. Na sake tarawa, na sake bugawa. Kura ta sake shiga. Ta matsar da ƙugiyar gaba, ta dawo da ita baya, har maɓallai suka fara faɗawa ramin da ba nasu ba. Kowane bugu, kura.

Daga nan ta tattara maɓallan ta zuba a gwangwani, ta rufe, ta ajiye a gefe.

"Shi ke nan," ta ce. "Da ido ya tafi na ce to, ai akwai kai. Ashe kan ma ya bi shi ban sani ba. Na ɗauka ina tunawa ne, ashe labarin kawai na riƙe." Ta juya wajen da take jin Yaya. "Kira mai gwangwan ɗinka. Ka sa mini rediyon."

Ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar wannan rediyon ba. Kuma kamar da gangan, sai ga muryar mai gwangwan a layi yana kiran a fito da tsohon ƙarfe, kurar da yake turawa na ƙara. Na kalli Yaya, na shirya masa baƙar magana in ya motsa. Bai motsa ba. Ya ɗauki takardar ya matsa bakin taga, yana kallonta da irin kallon da yake wa motar da aka yi wa lodi ba daidai ba.

"Auta, zo ki gani. Ni ban san aikinku ba, amma layin nan bai kai tsawonsa ba."

"Kamar yaya?"

"Dubi k, dubi h. Kusan kai ɗaya suke da a. Kamar an bi su da aska an yi musu ƙwal."

Na karɓa na sa tabarau na shago. Sai na ga abin da ya kamata in gani tun ranar gwaji gwaji. Duk i da ke layin ba ta da ɗigo a ka. Haka j. Na gan su a shago, na ce ribon ne ya tsufa, na wuce, tunda ana karantawa. Ai kuwa ana karantawa. Wanda ke rubuta wani yaren zai iya shekara da wannan injin bai rasa komai ba sai 'yan ɗigo. Mu kuwa ƙugiyarmu a layin sama take zaune.

"Inna!" Na yi ihu har mai gwangwan ya tsaya a ƙofa. "Ba ke ba ce! Allurar sama ce ba ta fita!"

Ba ta ɗago ba. "Kar ki lallashe ni."

"Yaushe na taɓa lallashin ki? Ba ni minti kaɗan."

Na kashe wuta, na kwance kan firintar na ɗora a tafin hannu. Nan kam an shigo unguwata, ƙananan abubuwa. Da tabarau na ga bakin alluran a jere, takwas na ƙyalli, ta sama ta nutse cikin busasshiyar tawada ta daskare. Na aiki Yaya ya kawo sifirit daga cikin kwalin magungunan Inna, ya tafi da gudu, babban mutum da shi. Na jiƙa bakin kan, na jira, na goge da auduga, na sake jiƙawa. Na sa ɗan hantsakin da nake ɗaukar ƙwayoyin waya na taɓa ta ta baya a hankali. Ta ƙi. Na ce mata, haba baiwar Allah, ke kaɗai ake jira. Na sake taɓawa, sai na ji ta motsa, ta leƙo ta koma, ta leƙo ta koma.

Na mayar da kan na ɗaure. Sai na tuna lambobin da ke cikin kwamfuta na ƙarshe ne, waɗanda aka yi bayan ta yi ta matsar da ƙugiyar.

"Inna, sai kin sake gina ƙ. Irin ta farko."

Ta juya wajen da ta ajiye maɓallan. Sannan ta miƙa hannu, Yaya ya sa mata gwangwanin a ciki. Ta gina ta tsaf, ba gyara ko ɗaya, maɓalli uku a sama, ɗaya ya sauko. Na tara, lambobin suka fito daidai da na farkon farko. Na danna.

Tun kafin layin ya kai ƙarshe ta ɗaga yatsa.

"Ƙarar ta cika," ta ce. "Ɗazu da giɓi a cikinta."

Na yage takardar, na karanta: "Ƙura ta shiga ɗakin ajiya ta ɓata kaya." Ga ƙ da ƙugiyarta ta lanƙwaso kamar mariƙin lema, ga ɗ, ga ɓ, tawada ta haɗe ɗigon kamar yadda ta ce. Sun fi na cikin wayata kyau, kuma ba don uwata ce ta zana su na faɗa ba. To, ko don ita ce ma, ina ruwan wani.

"Ɗazu kin so ki yi mini ƙarya," in ji Inna. "Ba zan yarda da bakinki ba. Akwai ɗan hannu a gefen hagu, tura shi gaba kan ya matso takarda. Ki sa ta buga da faɗi, ta maimaita a wuri ɗaya."

Na yi yadda ta ce. Firinta ta bi layin ta dawo ta sake bi, ƙarar har cikin haƙori. Inna ta karɓi takardar ta kifa ta a cinyarta, ta bi bayanta da ɗan yatsa. Alluran sun tura takardar sun bar ƙuraje ƙanana. Ta faro daga dama, tunda a kife take, ta sami sandar farko, ta hau ta a hankali har sama. A can yatsan ya tsaya, ya lanƙwasa.

Ta yi ta shafa wurin. Ba ta yi kuka ba, Inna ba ta kuka a gaban 'ya'ya. Hancinta dai ya buɗe, ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, sai ga Uwar Kura ta dawo falon.

"Mai Awo."

"Na'am, Inna."

"A ka ka ce."

Yaya ya leƙa waje ya sallami mai gwangwan, ya dawo ya tsaya yana kallon firintar. Na ga hannunsa ya nufi aljihun tef, ya fasa. Ya ɗauki makarsa ya je wurin kwalin, ya soke a zubar, sannan ya lanƙwasa wa k ɗin karfe ƙugiya, babba har ta yi yawa.

"Rediyon sai ya zauna a taga," ya ce.

Zan kashe wuta Inna ta ce in dakata. Ta laluba ta koma kujera, ta ɗora yatsu a madannai, ta buga wani ɗan gajeren layi ta danna da kanta. Firinta ta yi tsiit sau ɗaya ta tsaya. Na duba fuskar kwamfuta ban ga q ba, ban ga x ba, na duba takarda na ga k a tsaye ba lanƙwasa. Na ce bari in rama dukan hannun da aka yi mini.

"Inna, kin manta ƙugiya."

"Wannan ba ta da ƙugiya, 'yar waya. Karanta da kyau, ki ɗaga murya yayanki ya ji."

Na karanta da ƙarfi: "ban kasa ba."